Daga Tashar Challawa zuwa KEDCO: Tarihin Wutar Lantarki da Koke-koken Jama'a a Kano

Gabatarwa

A cikin abubuwan more rayuwa da zamani ya zo da su ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda jama'ar Kano suka fi yin kuka a kansa kamar wutar lantarki. Tela da mai walda da mai injin markaɗe da mai sayar da ƙanƙara, har da mai babbar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, duk bakinsu ɗaya ne a kan wannan batu. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wuta ta shigo Kano, da hukumomin da suka riƙe ta ɗaya bayan ɗaya, da kuma dalilan da suka sa kowace hukuma ta gaji kukan da aka yi wa wadda ta gabace ta. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A ganina, waiwayen ya zama wajibi a yanzu, domin tun daga 2023 doka ta ba jihohi ikon gudanar da harkar wuta da kansu, kuma duk wanda zai karɓi amana ya kamata ya san inda waɗanda suka riƙe ta kafin shi suka yi tuntuɓe.

Zamanin En'e

A Legas aka fara kunna wutar lantarki a Nijeriya, a shekarar 1896, domin amfanin gidaje da ofisoshin Turawan mulki. A Arewa kuwa, haƙar kuza a Jos ce ta jawo kamfanin NESCO, wanda ya fara aiki a 1929 yana samar da wuta daga ruwan Kurra. Kano ta bi wata hanya daban. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, Hukumar En'e ta ɗauki nauyin babban aikin samar da ruwan famfo da wutar lantarki, aka buɗe shi a 1931. An kafa injuna a Challawa, ana turo ruwa zuwa manyan tankuna a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin birni.

Abu biyu ne ya kamata mai karatu ya lura da su a nan. Na farko, da kuɗin Baitulmalin Kano aka yi wannan aiki, wato harajin talakawa da jangalin makiyaya. Saboda haka wutar ta gari ce, kuma wanda ke da alhakinta sananne ne, ana iya kai ƙara gabansa ta hannun mai unguwa da hakimi. Na biyu, tun ran gini tun ran zane, ruwa da wuta a Kano tare aka haife su. Injin da ke turo ruwa da wuta yake aiki, kuma har gobe idan wuta ta yi ƙaranci a Challawa da Tamburawa, famfo yakan ƙafe a cikin birni, 'yan garuwa su ƙara kuɗin jarka.

Amma kada a ɗauka cewa zamanin En'e zamanin wadata ne. Wutar ta taƙaita ne ga fada da asibiti da ofisoshi da unguwar Turawa ta Nasarawa da gidajen wasu attajirai. Akasarin mutanen birni, balle na karkara, da aci-balbal da fitilar ƙwai suke kwana. Ƙarancin kuka a wancan lokaci yana da nasaba da ƙarancin masu amfani da ita, domin wanda bai saba da abu ba ba ya kukan rashinsa.

Hukumar ECN da Madatsar Kainji

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kafa Hukumar Lantarki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da ECN, ta fara aiki a 1951. Ta karɓe tashoshin da ke hannun Ma'aikatar Ayyuka, haka kuma ta karɓe na En'e-En'e da ke Kano da Katsina da Ibadan da Abeokuta. Daga wannan lokaci ne ikon wutar Kano ya tashi daga Kano ya koma Legas. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, domin ƙananan tashoshi a warwatse ba za su iya ɗaukar nauyin masana'antun da aka fara kafawa ba. Sai dai wannan shi ne matakin farko na nisanta mai wuta da mai amfani da ita.

Bayan samun mulkin kai, aka kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara a 1962. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin madatsar Kainji a 1964, aka kammala ta a 1968. An tsara ta da gurbin injuna 12, amma 8 aka sanya, masu ƙarfin megawat 760. Ruwan madatsar ya cinye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutane sama da dubu 40 matsuguni. Daga Kainji aka ja manyan layuka zuwa kudu da kuma Kaduna, daga Kaduna zuwa Kano. Da wutar Kainji ta iso, sai tsofaffin injunan da ke cikin garuruwa suka zama koma-baya, a hankali aka yi watsi da su.

Ina iya tunawa a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin muna 'yan firamare, gidajen da ke da lantarki a unguwarmu ana iya ƙirga su da yatsu. Amma duk gidan da ke da wuta yana da mita, kuma kowane wata mai karanta mita yakan zo da littafinsa ya rubuta lamba, a kawo bil daidai abin da aka sha. Idan za a ɗauke wuta saboda gyara, akan sanar tukuna. Mu da babu wuta a gidajenmu, a ƙarƙashin fitilun titi muke bitar karatu idan jarrabawa ta matso.

Zamanin NEPA

A watan Afrilu na 1972, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe ECN da Hukumar Madatsun Kogin Kwara a ƙarƙashin Doka ta 24, aka sami hukuma guda mai suna NEPA. Ita ce mai samar da wuta, ita ce mai dakonta a manyan layuka, ita ce mai rarraba ta da karɓar kuɗi, a duk faɗin ƙasa. Wannan suna ya shiga harshen Hausa ya zauna daram. Har yau, shekaru bayan rushe hukumar, ana cewa "wutar Nefa" da "'yan Nefa", kuma yara sukan yi sowa da sunan idan ƙwai ya haska.

NEPA ta zo daidai da lokacin arzikin man fetur. Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, sai fanka da firji da talabijin da dutsen guga suka cika gidaje. Masana'antu suka yawaita a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Gwamnatin Jihar Kano ita ma, ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, ta riƙa kafa falwaya zuwa garuruwa da ƙauyuka, musamman a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi daga 1979 zuwa 1983. Kowane sabon gari da aka jona ƙarin kaya ne a kan layin da ke zuwa daga Kaduna. Buƙata tana gudu, samarwa tana tafiyar hawainiya.

Bugu da ƙari, farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 ya rage ruwan Kogin Kwara ƙwarai, har a 1985 kogin ya kusa tsayawa cik a Yamai. Idan ruwa ya ja baya a Kainji, dole a rage injunan da ke juyawa. A wannan zamani ne jama'a suka saba da rabon wuta, yau a ba wannan unguwa, gobe a ba waccan. An yi ƙoƙarin ƙara tashoshi: Jebba a 1985, da Egbin kusa da Legas mai megawat 1,320 a tsakiyar shekarun 1980, sai Shiroro mai megawat 600 a 1990. Daga nan kuma sai aka yi shiru. Tsakanin 1990 da 1999 ba a gina wata sabuwar babbar tasha ba, alhali kuwa jama'a sai ƙaruwa suke yi.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada, kuɗin wuta kuwa gwamnati ta danne shi saboda tsoron fushin jama'a. Hukumar ta rasa kuɗin gyara, ta rasa na sayen mitoci, sai ta koma yin bil na ƙiyasi. Wannan bil na ƙiyasi shi ne ya fi komai ɓata tsakanin hukumar da jama'a. Mutumin da ya yi sati biyu bai ga haske ba, aka kawo masa takarda mai ɗauke da kuɗin wata cur, ba zai ga laifin kansa ba idan ya ƙi biya, ko ya sallami mai tsani da ɗan abin goro. 'Yan boko suka mayar da harufan sunan hukumar abin ba'a a Turance, ma'anarta ita ce kada ka taɓa sa ran samun wuta kullum.

Abin da rashin wuta ya ci

Babbar asarar da Kano ta yi ita ce ta masana'antu. Masaƙu da kamfanonin fata da na roba da na alewa da na man gyaɗa sun ɗauki dubban ma'aikata a shekarun 1970 da 1980. Da wuta ta zama ba tabbas, kowane kamfani ya koma dogaro da manyan janaretoci masu shan gas da baƙin mai, kuɗin sarrafa kaya ya tashi. A daidai lokacin ne kuma atamfa da yadi masu araha daga ƙasashen Asiya suka cika Kantin Kwari, wasu ta hanyar fasa-ƙwauri. Ba rashin wuta kaɗai ne ya kashe masaƙun Kano da Kaduna ba, amma shi ne ya karya musu gwiwa har suka kasa gogayya. Wanda ya zagaya Sharaɗa da Bompai zai ga gine-ginen da a da ake canjin ma'aikata dare da rana, wasu sun zama rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

Masu ƙananan sana'o'i ba su da bakin da ake ji, amma su ne suka fi yawa. Mai walda yakan kwana a shago yana jiran wutar tsakar dare. Tela yakan rasa alƙawarin ɗinkin salla. A watan azumi idan ya faɗo cikin bazara, ƙanƙara takan zama kayan gabas. Haka kuma, idan taransifoma ta ƙone, al'ada ta zama mutanen unguwa su yi karo-karo su gyara ko su sayi sabuwa, su haɗa da waya da falwaya, sannan kayan su zama mallakar hukuma, a ci gaba da kawo musu bil.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jama'a su ma suna da nasu kason laifin, domin satar wuta da kewaye mita da sace wayoyi da man taransifoma duk a cikinmu ake yin su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati na ga yadda ma'aikatu ke tara bashin wuta na watanni ba a biya ba, alhali kuɗin gas na janareta ba ya makara ko sau ɗaya, domin sayen gas yana da masu cin moriyarsa, biyan bil kuwa ba shi da su.

Daga NEPA zuwa PHCN

Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula a 1999, daga cikin injuna 79 da ke tashoshin ƙasar nan 19 ne kawai ke aiki, wutar da ake samu kuwa ba ta kai megawat 2,000 ba. Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta yi alƙawarin kawo ƙarshen matsalar cikin ɗan lokaci. A 2000 ta rushe hukumar gudanarwar NEPA ta naɗa kwamitin ƙwararru, aka ɗora masa burin kai wuta megawat 4,000 kafin ƙarshen 2001. A 2005 aka yi dokar sake fasalin harkar lantarki, wadda ta rushe NEPA ta kafa kamfanin riƙon ƙwarya mai suna PHCN. Aka raba shi gida 18: kamfanoni 6 na samar da wuta, 1 na dakonta, 11 na rarrabawa. Aka kuma kafa hukumar NERC domin sa ido da tsayar da farashi.

Kuɗi masu yawa sun shiga wannan harka a waɗannan shekaru. A 2008 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Ndudi Elumelu, aka yi ta muhawara a kan ko dala biliyan nawa aka kashe, wasu suna cewa 10, wasu 16. Talaka dai abin da ya gani shi ne an sauya sunan da ke kan takardar bil, amma mai tsanin da ke zuwa yankan wuta bai sauya ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Bayan sayar da kamfanoni

A ranar 1 ga Nuwamba, 2013, gwamnatin Goodluck Jonathan ta miƙa kamfanonin samarwa da na rarrabawa ga 'yan kasuwa, ta riƙe kamfanin dakon wuta na TCN. Kamfanin KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, ya koma hannun Sahelian Power, wanda ya sayi kashi 60 cikin 100. Da rancen banki aka sayi akasarin waɗannan kamfanoni, don haka kuɗin da ya kamata a sa a mitoci da taransifomomi ya tafi biyan bashi. A watan Yuli na 2022 Bankin Fidelity ya karɓe hannun jarin da aka jinginar masa a kamfanonin Kano da Kaduna da Benin, sannan a ƙarshen 2023 KEDCO ya koma hannun Future Energies Africa.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya sani. Duk da cewa ƙarfin tashoshin ƙasar nan a takarda ya kai kimanin megawat 13,000, abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, saboda ƙarancin iskar gas da lalacewar injuna da raunin layuka. Kason da aka ware wa KEDCO kashi 8 ne cikin 100, wato bai wuce megawat 400 ba ko a rana mai kyau. Jihohin nan uku kuwa, tun a ƙidayar 2006 mutanensu sun haura miliyan 19. Ko da mala'iku aka ba kamfanin, wannan wuta ba za ta ishi kowa ba. Wannan ba ya wanke kamfanin rarrabawa daga bil na ƙiyasi da jinkirin ba da mitar iya-kuɗinka-iya-shagalinka, amma yana nuna cewa ba a ofishin karɓar kuɗi kaɗai gizo ke saƙa ba.

Shekarar 2024 ta tattara dukkan waɗannan matsaloli wuri guda. A watan Afrilu, NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga a ofisoshin wuta a watan Mayu, a watan Yuni kuma suka kashe babban layin ƙasa yayin yajin aiki. Sai kuma a watan Oktoba, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke ratsowa ta Makurɗi shi ma ya sami matsala, akasarin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wannan ya tona asirin abin da injiniyoyi suka daɗe suna faɗa, wato birni kamar Kano ya dogara da wutar da ake samarwa a nesa, tana biyo siririyar hanya daga Kaduna zuwa tashar Kumbotso. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda suke sayen wuta daga Nijeriya tun 1976, sun ɗanɗana irin wannan dogaro a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke musu ita bayan juyin mulki, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga rabon wuta na watanni.

Yunƙurin cikin gida

Kano tana da madatsun ruwa manya. Gwamna Audu Baƙo ya gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka kammala ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, amma domin noman rani da ruwan sha aka yi su. Sai a zango na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, daga 2011 zuwa 2015, aka ba da kwangilar samar da megawat 35 daga madatsun biyu, 10 a Tiga, 25 a Challawa. Aikin ya ja dogon lokaci yana ratsa gwamnatoci. A ɓangaren hasken rana, an sanya wa shaguna sola a Kasuwar Sabon Gari a 2018, an buɗe tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a watan Janairu na 2023. Jama'a su ma ba su zauna jira ba, domin faranti na sola ya hau rufin gidaje da masallatai da shagunan cajin waya har a ƙauyuka. Duk da haka, idan aka tara waɗannan tashoshi aka gwada da buƙatar jihar, ba su wuce cikin cokali ba.

Kammalawa

A watan Maris na 2023 aka yi wa tsarin mulki kwaskwarima, a watan Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi damar samarwa da dako da rarraba wuta a cikin iyakokinsu. A 2024 jihohin Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ikon sa ido daga NERC. Ke nan bayan shekaru masu yawa da ECN ta karɓe tashar En'e, doka ta buɗe ƙofar dawo da ikon gida.

Tarihin da muka bibiya yana koya mana abubuwa uku. Na ɗaya, sauya suna da mamallaki bai taɓa ƙara wuta ba, abin da ke ƙara ta shi ne sabuwar tasha da sabon layi da gyara a kan kari. Na biyu, amana tsakanin mai wuta da jama'a a kan mita take tsayawa, kuma ranar da aka daina auna abin da mutum ya sha, ranar aka ba shi hujjar ƙin biya. Na uku, gwamnatin da ba ta biyan kuɗin wutar ofisoshinta ba ta da bakin tsawata wa talaka. Idan jiha za ta shiga wannan harka, ya kamata ta fara da kammala abin da aka soma a Tiga da Challawa, ta ware wuta tabbatacciya ga tashoshin ruwa da asibitoci da unguwannin masana'antu, ta kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da aka samu da abin da aka kashe. Kakanninmu sun gina tashar 1931 da harajinsu, kuma sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan ta tsaya. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da jikokinsu ke nema a yau. Allah Ya sa shugabanni su riƙe amana, Ya kuma ba mu ikon sauke namu nauyin.